Yadda Jibo Ya Sayo wa Inna Tikitin Fatakwal

A Tungar Maƙera an yi wani mutum ana ce masa Jibo, yana zaune da matarsa Hansai da mahaifiyarsa Inna Tasalla. Jibo ba shi da mugunta ko kaɗan. Larurarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai kama da wuta. Ƙanwarsa Kuluwa tana aure a Fatakwal, cikinta na fari ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya. Mijinta kuwa aikin teku yake yi, sai ya yi mako biyu bai leƙo gida ba. Dole Inna ta isa kafin haihuwa. Babbar wayar Kuluwa ta faɗa bokiti, saboda haka neman tikitin jirgi a intanet ya faɗo kan Jibo. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Wata rana Kuluwa ta kira shi ta ce, "Yaya, akwai shafin da ke nuna yanayin gari. Ka duba Fatakwal, duk abin da ya nuna ka shirya wa Inna shi." Jibo ya duba, ya ga ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Nan take ya kwashe barkonon da Hansai ta shanya, ya kife tukwane, ya lulluɓe Inna da ledar taki, alhali rana tana ƙwalla kamar ta fasa kai. Hansai ta ce, "Maigida, ina hadarin?" Ya ce, "Yana cikin waya, ke dai shigo da awaki."

Wata rana kuma ta ce masa, "Shafin jirgi ya ce kada kaya su wuce kilo ashirin. Ka auna duk abin da zai shiga jirgi." Jibo ya auna daddawa, ya auna kuka da yajin jego. Sannan ya lallaɓa Inna har rumfar masu sayen riɗi, ya ce ta hau sikeli. Tsohuwa ta hau, a zatonta maganin hawan jini za a ba ta. Jibo ya daɗe yana kallon allurar sikelin, ya girgiza kai cikin alhini.

"Inna, kin yi yawa. Sai dai a kai ki sau uku."

"Kai wannan, ni ce buhun riɗi?" in ji ta. Da takalminta ta rako shi har gida.

Wata rana Kuluwa ta ce, "Kafin ka zaɓi jirgi, ka karanta abin da waɗanda suka taɓa hawa suka rubuta." Ashe mutum dubu huɗu ne suka yi rubutu. Jibo ya shimfiɗa tabarma ya fara daga na farko. Wanda jakarsa ta ɓata ya rubuta masa jaje, wadda ta yaba abinci ya yi mata barka, wanda ya yi zagi ya ba shi haƙuri ya ce duniya ce. Kwana biyar yana abu ɗaya, ko ɗari uku bai kai ba. Ni kaina da nake ba ku labari, a nan na ji haushinsa, domin yarinya tana can ita kaɗai tana ƙirga kwanaki.

Da Kuluwa ta ji, ta fashe da kuka. Ta ce, "Yaya, don Allah ka daina karatu! Jirgin da ka fara gani a saman shafi shi za ka danna, kada ka duba komai." Jibo ya rufe ido ya danna. Da saƙo ya shigo, sai ga shi jirgin na yau ne, ƙarfe huɗu na yamma, daga Kano. Gida ya rikice. Aka ciro Inna daga bakin murhu, aka cusa ta a mota ba sallama da maƙwabta, yajin jego ma a tsakar gida aka manta shi. Kuluwa ta yi ta faɗa a waya, ita mako mai zuwa take nufi, ko gadon Inna ba ta gyara ba. Jibo ya ce, "Ai ba ki ce in duba rana ba."

Washegari da hantsi naƙuda ta taso wa Kuluwa, saura mako biyu a lissafin likita, miji yana tsakiyar teku. Inna ce ta fita titi ta tare mota da hannu, ita ce ta riƙe ta har asibiti.

Bayan azahar waya ta yi ƙara, Jibo ya ruga kan tudun bayan masallaci inda sabis ke kamawa. Inna, wadda kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta ta ambaci sunansa ba, ta ce, "Jibo. Allah ya yi maka albarka. Namiji ne. Tsaya nan kada ka motsa, bari in kara masa wayar ka ji kukansa."

Sai layi ya yanke.

Har la'asar masu wucewa suna ganinsa a kan tudu, waya a kunne, hawaye na zuba a gemunsa. Liman ya ce, "Malam Jibo, lafiya? Sauko mana."

Ya ce, "Liman, ka ja sallar da ƙarfi in bi ka daga nan. Inna ta ce kada in motsa."