Kajin Inna 'Yardada a Hannun Gwadabe

"Kada wanda ya sayi ko ƙashin akuya! Ranar arba'in ɗin Inna da kajinta za a yi sadaka, kuma ni zan kiwata su da hannuna. Wallahi sai an ji ƙanshin miyar nan daga Jakara har Ƙofar Kabuga!"

Mai wannan magana, ɗan'uwa, Gwadabe ne, mai sayar da kananzir a bakin kasuwar Kurmi. A zauren gidansu ya yi ta, ranar sadakar uku ta mahaifiyarsa Inna 'Yardada, a gaban dattawan unguwa, idonsa bai ma gama bushewa ba. In ka san shi ba za ka yi mamaki ba. Mutum ne da in kuka ya taso masa sai ya danne shi da cika baki. Ya ɗan leƙa elemantare ya fito da ɗan abin da ya fito da shi. Ya kuma taɓa kai garwar kananzir gidan wani Bature a Nasarawa, ya leƙa ta shinge, ya hango kaji farare ɓul-ɓul kamar 'yan tumaki. Tun daga ranar ya naɗa kansa likitan kajin lardin Kano.

Sabo mahauci, abokinsa tun suna yawo ba wando, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai da kanka ma ba ka iya kiwatawa ba? Dubi wuyanka kamar lagwani."

Malam Bukar, maƙwabcinsu, Babarbaren da ya tsufa a Jakara, shi ne kuma ya sallaci gawar, ya yi gyaran murya. "Yaro, sadakar mamaci ba wurin gwaji ba ne. Ka bar dangi su haɗu a sami ɗan abin yanka."

"Allah gafarta Malam, a dai bar mini."

Aka bar masa. Da yamma yayarsa Zinariya, wadda ke aure a Sheshe, ta yafa mayafi za ta tafi, ta tsaya a soro ta ce, "Auta, Inna ba ta taɓa ba baƙo abincin kunya ba tana raye. Kada ka sa ta bayar tana kwance."

"Haba Yaya! Ki dai tanadi manyan tukwane."

To, kajin Inna matasa ne, ƙyanƙyasar ƙarshen sanyi. Akurkinsu na laka ne, a gindin katanga, ciki sanyi kamar randa. Kusa da murhu kuwa akwai wani tarin toka. Kullum in Inna ta sauke tukunya takan kwashe tokar jiya ta zuba a wurin, tana kiransu a hankali, su taho su yi ta birgima a ciki suna lumshe ido. Gwadabe ya tashi ya tarar da wannan abu, bai taɓa tambayar dalili ba. Yanzu murhu ya mutu, duwatsu uku suna kallon juna. Duk sanda ya bi ta wurin sai kuka ya taso masa. Maimakon ya zauna ya yi kukansa kamar kowane ɗan Adam, sai ya ɗauki tsintsiya.

"Ƙazanta ce," in ji shi. "Gidan Bature na ga toka? Ko duba-gari ya shigo tara zai ci mu."

Ya share tokar tas, ya kai juji. Ya rushe akurki. Ya tattaro tsofaffin garewaninsa, ya farke su, ya buge su da guduma, ya gina wa kaji wani ɗaki na ƙarfe mai walƙiya a tsakiyar gida, inda ba inuwa ko ta tsinke. Ya kira shi bene. Wai har da baranda.

Ka tuna fa bazara ce, irin bazarar Kano da ƙadangare ke gudu yana ɗaga ƙafa. Kafin azahar bene ya zama tanda. Kaji suka buɗe baki, suka saki fukafukai, suna kallon Gwadabe kamar masu neman gafara. Da la'asar ta yi, manyan cikinsu, waɗanda ya fi taƙama da su, sun miƙe ƙafa ba yanka.

Sabo ya leƙo ta katanga. "Sannu da aiki, likita. Ashe gasassu za ka ba mu? To ai mu a mahauta sai mun yanka muke gasawa."

"Zazzaɓin sauyin wuri ne. Kai me ka sani ban da ƙuda?"

Ya samo tsofaffin buhuna, ya jiƙa, ya lulluɓe bene. 'Yan garuwa suka samu kasuwa, suna shiga suna fita kamar gidan biki. Zafi ya ɗan sauka kam. Amma laima da ɗumi da buhun da ba a san inda ya kwana ba, ga kuma babu toka, sai baƙi suka sauka. Ƙuma! Ba ƙumar wasa ba, ƙuma mai dangi, mai surukai. Suka yi wa kaji zobe a ido, suka kafa unguwa a ƙarƙashin fiffike. Gwadabe ya zuba dusa, ya zuba tsaba, kaji ko kallo. Ina suka ga lokacin ci? Susa ce sana'arsu. In ka ɗaga zakara a hannu, sai ka rantse tsintsiya ka ɗauka.

Ana cikin haka hadarin farko ya taso daga gabas, wata rana da hantsi. Iska ta zo ta yi sallama da bene sau ɗaya, rufin ya amsa. Ya tashi sama yana ƙara kamar gangar maƙera, ya haye katanga, ya sauka a tsakar gidan Malam Bukar, daidai kan shanyar barkonon iyalinsa. Ruwa ya kece. Gwadabe ya yi ta tsere da kaji cikin taɓo, ya cusa su cikin riga, ya kai su ɗakin kwanansa ya rufe.

Ƙuma suka duba kaji, fata da ƙashi. Suka duba Gwadabe. Suka yi shawara a tsakaninsu suka ƙaura.

Washegari a masallaci, wanda ya tsaya kusa da shi a sahu sai da ya matsa. Bayan an yi sallama Malam Bukar ya juyo. "Gwadabe, sallah kake ko kiɗan kalangu kake a haƙarƙarinka? Sa'an nan ka zo ka kwashi benenka, ya tare mana hanyar rijiya."

Ranar Gwadabe ya zauna a bakin gado yana susa da hannu bibbiyu, kaji na susa da ƙafa ɗaiɗai, suna kallon juna. Ya ce musu, "To, ga mu nan dai. Marayu duka." Ya ji idonsa na neman kawo ruwa, sai ya yi maza ya waiga. Idon ya faɗa kan garwar sana'arsa a bayan ƙofa.

Ka san kowane mai sana'a gani yake kayansa maganin duniya ne. Gwadabe ya tsoma gashin kaza a kananzir ya shafa wa ƙafarsa. Ƙuma suka zube. Ya yi tsalle har ya buge kai da azara. Ya kama kaji ya shafa musu a ido da fiffike. Da ya ga abin na ci, sai ya ce shafa aikin masu rowa ne, ya cika kwano ya yi musu wanka ɗaya bayan ɗaya. Da arba'in ta matso kuma ya yi wani tunani mai zurfi irin na masana: ƙumar da ke waje ta mutu, wa ya san ta cikin ciki? Ya rinƙa ɗiga musu a ruwan sha, yana kwaɓa musu dusa da shi.

Allah da ikonsa, wasu suka rayu. Tafiya suke suna tangaɗi, amma ba ƙuma ko ɗaya. Gwadabe ya koma Kurmi da sabon baki. "Ku je ku gani! Kaji sai sheƙi suke!" Sheƙi kam suna yi.

Ranar sadaka Zinariya ta zo da sassafe da mata, da gumba da ƙullun waina, aka hura murhun Inna karo na farko tun rasuwarta. Sabo ya zo yanka. Ya ɗaga kaza ta farko ya shinshina.

"Gwadabe, wannan kaza ce ko fitila?"

"Yanka aka kira ka, ba shinshina ba."

Ya yanke su duka, ban da wata 'yar ramammiyar kaza, shirwa-ta-raina, da ya ce wuƙarsa ba ta shiga ƙashi tsura. Da nama ya fara tafasa Zinariya ta toshe hanci. "Auta, wani wari nake ji."

"Rigata ce, Yaya. Kin san sana'a."

Shi da gaskiyarsa ya faɗa. Hancin da ya shekara da shekaru a bakin garwa, ko a rijiyar kananzir ka jefa shi zai ce maka iska ce mai daɗi. Zinariya ta ƙara daddawa, ta ƙara citta da kanumfari, ta yi bisimilla ta rufe tukunya.

Zaure ya cika. Aka yi karatu, aka yi wa Inna addu'a, aka shafa. Aka shigo da akussan tuwon shinkafa, miya na ƙyalli a kai da wani launi kamar bakan gizo. Gwadabe ya tsaya a bakin ƙofa, ƙirji a gaba. Malam Bukar ya yanko loma ya kai baki. Ya tsaya. Hawaye suka zubo masa har gemu.

"Allah sarki," in ji wani dattijo, "Malam ya tuna da marigayiya."

Shi ma ya kai tasa lomar, shi ma ya tuna da ita. Kafin ka ce me, duk zauren ya tuna da marigayiya. Sadakar mamaci ce, ba mai iya tofarwa a gaban ɗanta. Suka yi ta haɗiya da ƙyar suna kallon azara. Sai wani tsoho ya zaro lofensa ya ɗauko ashana don ya kashe ɗanɗanon. Malam Bukar ya yi wuf ya cafke masa hannu, irin zafin naman da ba a gani gare shi ba tun yana saurayi.

"Kul! Kada ka ƙyasta! Mu nan duk lagwani kawai ya rage a sa mana."

Zaure ya fashe. Sabo har da kwanciya. Zinariya ta ji daga ciki, ta aiko da gumba da waina, da su aka wanke baki aka rufa wa Inna asiri.

Gwadabe ya sulale cikin gida. Mata sun kwashe tokar girki sun zuba a gefen murhu, daidai inda Inna ke zubawa. 'Yar kazar nan da wuƙa ta raina ta taho tana tangaɗi, ta faɗa ciki. Ta yi birgima, ta watsa toka ƙarƙashin fiffike, ta lumshe ido. Ya tsaya yana kallonta. Sai a lokacin ya gane abin da tsohuwa take yi kullum da safe. Ya tsuguna, kukan da ya yi ta dannewa ya zo, wannan karon bai danne shi da cika baki ba.

Bai gama share ido ba aka yi sallama. Iya Hajo ce, tsohuwar da ke ƙarshen lungu, ta dogaro sanda tun daga can, riƙe da 'yar fitilarta ta gwangwani.

"Gwadabe ɗan albarka, Allah ya jiƙan 'Yardada. Ka ce za a ji ƙanshi har Kabuga, to mu dai a lungu mun ji." Ta miƙo fitilar. "In da ragowar miya a ɗan tsiyaya mini, tun jiya ta ƙafe."