Alhaji Zuloti

A shekarata ta biyu a Alkahira na ga wata kwat a gwanjo, da takardar farashi rubutun hannu: 35 zł. Ni kuwa na karanta 3521. Mai kayan ya ce fam ɗari biyu na Masar.

Abokina Sani ya ce, "Malam, taya mana."

Na ce, "Khalas, shi ke nan, bai san abin da ya riƙe ba."

Na biya cif, na bar takardar a jiki don jama'a su shaida.

A ajin Larabci wata 'yar Poland ta duba, ta ce, "Kuɗinmu ne, zuloti, haka muke taƙaita shi. Ko fam ɗari ba ta kai ba."

Har yau 'yan unguwarmu ta Abbasiya Alhaji Zuloti suke kirana.