Awa Guda a Tsakiyar Gada

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye bayan Jiratawa ba. Ni ɗan Sabon Garin Maradi ne, ban san kowa a can ba. Abokan zamana a ɗakin da aka ba ni cikin lakwal, wato makarantar boko, su ne fitila, tabarma da kwali guda cike da littattafan soyayya (wasu na karanta su har bango ya fita).

A bakin ƙauyen akwai wata gada da ta ratsa wani reshen Gulbi zuwa garake, wato lambunan ƙauyen. Igiyoyin ƙarfe ne aka ɗaure a turaku, aka jera katako, kana takawa tana lilo. Ina ganinta na ce lallai wani masoyi ne ya gina ta don ya riƙa isa wurin masoyiyarsa. Kullum bayan la'asar sai in je tsakiyarta in tsaya, in dafa igiya, ina kallon ruwa ina tausayin kaina.

A rana ta uku na lura da ita. Wata budurwa ce a ƙarshen gadar ta wajen garake, da kwandon zogale a ka, ta tsaya ta zuba mini ido. Washegari ma haka. Ba ta matsowa, ba ta tafiya. Na ce kunya ce. Na soma guge riga kafin in fito, na ƙara tsawon tsayuwar daga rabin awa zuwa awa guda (don kada ta ce na yi mata rowar kaina). In na juya zan koma, ba na waiwaye, haka jaruman littafi suke yi.

Sati biyar muna haka. Ranar da na yi ƙarfin hali, kwana na yi ina haddace abin da zan faɗa. Na taka har gabanta, na ce, "Ƴan mata, na daɗe ina ganin abin da idanunki ke son faɗa."

Ta gyara gammo ta ce, "To Mushe, tunda ka gani, ka sauka mana. Wuyana ya ƙage." (Mushe suke ce wa malamin boko.)

Sai a lokacin na ga abin da ke bayan mangwaron da ke bakin gadar. Mata shida zaune kusa da kwandunansu, da wani dattijo, Baba Ilu, yana jan carbi. Wata tsohuwa ta ce, "Yau dai Allah ya kawo shi wannan ƙetaren."

Baba Ilu ya matsa mini a kan kututture, ya ba ni labarin gadar. Shi da manoman garake suka haɗa ta, shekarar da ruwa ya hana su fitar da tumatir har ya ruɓe a gona. Bayan ƴan shekaru mutum biyu suka haɗu a tsakiya da kaya, igiya guda ta tsinke, ƙanensa ya karye a ƙafa. Tun ranar ba a hawan ta biyu. In wani yana kai, sai ka jira ya sauka.

Na ce, "Baba, don me ba a gaya mini ba?"

Ya ce, "Kai baƙo ne, kuma kai ke karantar da ɗiyanmu. Mun ce mai tsayuwa haka shi kaɗai, akwai abin da ke damun shi. Muka ce a bar shi."

Rabi, haka sunanta, ta riga ta haye, ba ta waiwayo ba. Da kaka aka kai ta ɗakin mijinta a Tsibiri, an daɗe da sa rana.

Na bi layi, ni ne na takwas. Shi ne zamana na farko da mutanen ƙauyen, har tsohuwar nan ta ba ni gyaɗa. Yanzu in na ga mace ta kafa mini ido, kafin zuciyata ta soma rubuta babi, sai in duba ko hanya na tare mata.