Yaƙin Koci Haladu da Kwamitin Ƙwallon Kwando

A gyara zama, ga labarin Haladu ɗan Barau, jikan Jatau gwarzon kokawa, tattaɓa-kunnen Gambo wanda aka ce ya jefi kura da goruba bai kuskure ba. Haladu mai usur, guguwar filin siminti, kocin ƙwallon kwando na Kwalejin Noma ta Rugar Tsamiya, barden da ko ƙwallo sai ta nemi izininsa kafin ta faɗa raga!

A shekarar nan rundunarsa ta fatattaki kowace kwaleji a ƙaramar shiyyarsu, ba a ci su ko sau ɗaya ba. Amma da kwamiti ya zauna a birni zaɓen masu buga gasar ƙasa, sai ya kwashi manyan jami'o'in da suka sha kashi har suka saba, ya bar Rugar Tsamiya, wai nasara a kan makarantun da ba a san sunansu ba ba ta da nauyi. Abin da ciwo wallahi, domin 'yan wasansa suna shekarar ƙarshe, in gasar ta wuce su bana ta wuce ke nan.

Da jarumin ya ji za a saurari ƙorafi, ya ɗaura usur, ya tara mayaƙansa a tasha, ya ɗaga hannu sama.

"Yau sai adalci!"

Ya haye motar haya, ya zauna tsakanin buhunan albasa cikin haiba da jalala, yana wasa hujjojinsa a zuci, hujjojin da in dutse ya ji su sai ya nemi gafara.

A zauren kwamiti aka sanar cewa kowa 'yan mintuna gare shi, in sakatariya ta kaɗa ƙararrawa an gama. Kocin wata makarantar birni ya miƙe ya faɗa cikin magana ko sallama babu. Haladu ya girgiza kai, ya tausaya wa iyayen da suka haifi wannan.

Sai aka kira shi. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya far wa shugaba da ina kwana, ya bi shi da ina gajiya, ya ƙara masa da yaya iyali, bai bar shi ya numfasa ba sai da ya ji labarin damina a garinsu. Ya juya kan mataimaki ya yi masa irin wannan kisan. Haka ya bi sahu yana kayar da su ɗaya bayan ɗaya, har ya riski wani dattijo da ya zamana ɗan garin kakarsa ne, nan fa aka shiga lissafin waɗanda suka rasu, ana yi musu addu'a. Ya miƙe ke nan, ya cika ƙirji da iska, ya ce, "To, ranku ya daɗe, abin da ke tafe da ni..." sai ƙararrawa ta kaɗa.

Shugaba ya ce rabonsa da ganin mai ladabi irin wannan an daɗe, ya sa masa albarka, ya kira na gaba. Haladu kuwa har godiya ya yi.

Da la'asar ya sauka a tasha ya tarar da 'yan wasansa sanye da rigunan wasa, wasu har da jakar tafiya. Sabi'u, kyaftin ɗinsu, ya sunkuyo daga tsayinsa.

"Koci, me suka ce?"

Haladu ya daɗe yana kakkaɓe ɓawon albasa daga rigarsa.

"Suna gaishe ku."