Ni da Laftof ɗin Yaya Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Sabon Gari ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ina aji biyu a jami'a, ina haya a Samaru, kuma ban daɗe da gano Linux ba, manhajar nan ta kyauta da ake tafiyar da kwamfuta da ita. Na ɗauke ta kamar sabon tuba. Ko shayi na je sha sai na yi wa mai shayi wa'azinta (mutumin da ko wayar shafa ba ya riƙewa).

Yaya Rifkatu, babbar yayata, nas ce. Shekararta biyu tana neman canjin aiki, sai ga wata ƙungiyar lafiya ta kira ta jarrabawa da intabiyu ta intanet, Asabar ƙarfe sha ɗaya, kuma sun ce lallai da kwamfuta. Ranar Laraba ta kawo min tsohuwar laftof ɗinta 'yar Beljiyam.

"Auta, nauyi take yi. Ka ɗan duba min."

Ɗan dubawa ta ce. Ni kuwa sarkin iyayi na share komai tas, na ɗora mata Linux. Gudu kam ta yi gudu, har na ɗauki hoto na tura wa abokai. Sai da na zo haɗa ta da wayfai ɗin wayata na ga wayam, babu ko alamarsa.

Ban damu ba. Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ina kwafo abubuwa daga wayata harafi bayan harafi. Wani Bature a intanet ya ce katin wayfai ɗin ne ke neman manhajarsa, na nemo. Wani ya ce a cire waccan a sa wata, na cire na sa. Ita kanta kwamfutar ta rubuto min cewa daga jikin na'ura aka kulle katin, na tsallake layin don ya yi min sauƙi da yawa. (Ko igiyar caji na haɗa tsakaninta da waya, da an samu intanet an wuce wurin. Sai bayan sati wannan ya faɗo min.)

Juma'a Yaya ta kira. "Auta, lafiya dai ko? In ari ta wata?"

"Haba Yaya, ki ari ta wa? Saura ƙiris."

Safiyar Asabar ta iso ɗakina cikin atamfarta ta zuwa coci, ta same ni ina zufa a gaban baƙin allo. Ta rufe laftof ɗin, ta tare mana keke sai Sabon Gari, shagon wata mai gyara da ake kira Mama Chidi.

Sha ɗaya saura kwata muka shiga. Shagon cike yake da masu jira, jannareto na ta ruri a ƙofa. Maimakon in miƙa kaya in yi shiru, sai na gyara murya na fara lacca: irin katin, lambarsa, abin da na gwada daren jiya da shekaranjiya. Har na ce mata, "Madam, wannan ba irin wadda kika saba gani ba ce fa."

"Oga injiniya, abeg shift," in ji ta, wato in matsa gefe.

Ko allon ba ta kalla ba. Ta ɗaga laftof ɗin tana jujjuya ta kamar mai sayen doya, ta tsaya a gefen hagu, ta sa farce ta ɓare wata sitika. Sitikar tsuntsun Linux ce, wadda na liƙa da hannuna ranar Laraba don duniya ta shaida. A ƙarƙashinta akwai ɗan makunnin wayfai bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Garin danna sitikar ta kama ne na ture shi. Ta mayar da shi ƙas, wata 'yar fitila ta kawo shuɗi.

"Wa ya manna wannan?" ta tambaya da Hausarta ta kasuwa.

Na duba hagu, na duba dama, babu wanda zan ɗora wa. Wani dattijo mai jiran wayarsa ya yi dariya har da tari. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin a haɗa komai a samu shafin, sha ɗaya ta gota da minti ashirin. A kan bencin bayan shagon Yaya ta yi jarrabawarta, yatsa ɗaya a kunne saboda jannareto, lokaci ya ƙare mata da sauran tambayoyi. Ba ta samu aikin ba.

A keke muna dawowa na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta ce, "Bari, Auta. Ba rabona ba ne." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Sai da ta ƙara shekara guda a tsohon wurinta.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na ji a jikina. Yau gyaran kwamfuta nake ci da shi, kuma duk wadda aka kawo min sai na jujjuya ta a hannu kafin in kunna. In kuwa aka ce min ɗan dubawa, to dubawar nake yi in mayar wa mai kaya kayansa.