Rigar Nutson da Na Kai wa Tela

Ko na so in manta da abin da rigar nutso ta yi mini, 'yan unguwarmu ba za su taɓa bari ba.

Ni mai sayar da kayan fata ne a Kasuwar Kurmi, amma tun ina ƙarami na iya iyo, a kududdufin bayan gidanmu na koya. Kududdufin nan ya ci mana mutane, har da abokina. Shi ya sa da na ji wata ƙungiya za ta koya wa mutum biyar nutso da tukunyar iska don aikin ceto, na rubuta sunana. Mu goma sha biyu muka nema, kuma ina son gurbin nan har cikin raina.

Mai koyarwar, Malam Habu, tsohon sojan ruwa ne. Ya ce sabon shiga gilashin fuska kawai zai saya: ka ɗora a fuska, ka ja numfashi ta hanci, in ya manne to naka ne. Tukunya da riga kuwa haya za mu yi, sai mun san kan abin. Ni da ba na son a ce ban isa ba, na yi odar rigata daga Legas.

Da ta iso na gwada, sai ta kama ni tsam kamar fatar ganga (tumbina ya fito ya gaishe da kowa). Matata ta yi dariya har ta zauna. Na ce ina, magidanci ba zai tsaya gaban mutane haka ba. Na kai wa telana, na ce ya buɗa ta. Ya tsaga gefe da gefe, ya ƙara ragowar wata rinanniyar shadda ruwan ƙasa, har aljihu ya yi mini kyauta.

Ranar gwaji, a wurin ninkayar wani otal, na fito ina taƙama. Malam Habu ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in shiga.

Ashe matsewar ita ce aikin rigar, ita ke hana ruwan sanyi yawo a jiki. Tawa ta kumbura, ta cika da ruwa. Wannan duk mai sauƙi ne. Ina can ƙasa ina numfashi yadda aka koya mana, sai na ga ruwan da ke kewaye da ni yana komawa ruwan ƙasa. Shaddar ce ke zuba. Abokan gwajina kuwa ba su san da shadda ba, suka dare suna rige-rigen fita.

Kunya ta hana ni tasowa. Na zauna a ƙasan ruwa shiru, har Malam Habu ya sauko ya yi mini alamar in hau.

"Wallahi Malam, rini ne," na ce.

Sai da ya gama share hawayen dariya ya ce bai taɓa ganin sabon shiga da ya natsu a ƙasa haka ba, kuma natsuwar yake nema. Ya sa sunana cikin biyar ɗin. Ya ƙara da cewa in tumbi ne damuwata, in ɗora gajeren wando da riga a kai, ba wanda ya hana.

Yanzu haya nake yi kamar kowa. In za ka sayi kayan da ba ka sani ba, tambayi mai sana'ar kafin ka tambayi telanka. A unguwa dai har yau Marini suke kirana, ni kuma ina amsawa.