Ranar Da Na Yi Wa Yaya Wasan Taubasai

Ko zan manta sunan maganin hawan jinina, ba zan taɓa mantawa da zuwana Kurfi wajen Yaya Hajara ba.

Yaya ita ce babbar gidanmu, ni ne auta. An kai ta ɗakin miji tun ba a yi mani kaciya ba, mijin kuma mai fataucin shanu ne, ya tafi da ita Kudu. Sai da ya rasu ta dawo Kurfi wurin ɗanta. Ni ina Dutsin-Ma, ga mota kullum, amma gobe-jibi ta cinye ni, har aka aiko cewa Yaya ta ce in gawarta nake jira in faɗa mata, ta hanzarta. Na san in na ɓata wannan zuwan, zumuncin ya yanke.

Na ɗau babbar riga, na sayi goro da turare. A mota har bitar gaisuwa nake (ajina uku a firamare, amma na san ba a shiga jarrabawa ba shiri). An kuma gaya mani Ladi, ɗiyar gwaggonmu, tana zaune a gidan. Taubashiyata ce, tsakaninmu ba kunya, sai tsiya. Rabona da ita ma ya kai rabona da baƙin gashi.

Na yi sallama, na iske wata 'yar tsohuwa bisa tabarma tana ɓarar wake. Ni a raina Yaya doguwa ce, ƙaƙƙarfa, mai murya. Wannan kuwa 'yar tsurut. Na ce lallai Ladi ce.

“A'a, baiwata! Haka kika koma? Ina haƙoran, ko kin ba da aro?”

Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Na ga fili, na ƙara wuta.

“Tashi ki karɓi kayan ubangidanki. Ina tsohuwar take? Tana nan da faɗan nan nata mai korar kaji?”

Sai ga wata ta fito daga madafa da ludayi, ta dube ni, ta dubi tsohuwar, ta dafe ciki tana dariya. Wannan ce Ladi.

Tsohuwar ta ture faifan wake. “Ka gama, Audu?”

Jama'a, mutum mai jikoki, mai zama sahun gaba a masallaci! Na zube zan durƙusa, gwiwa ta ce ƙas, goro ya watse. Na kasa durƙuson, na kasa tashi.

“Bayan nan nawa ka jiƙa mani da fitsari ina goyon ka,” in ji ta, “yau ka zo ka ƙarasa da baki.”

“Yaya, don Allah…”

“Rufe mani baki. Idona ya tafi. Da ka shigo da ladabi, da na ce mai tallan magani ne. Tsiyar nan na ji, na san jinin Baba ne. Matso in taɓa ka.”

Ta shafa fuskata har gemu, ta ce na rame, a zubo mani tuwo. Ladi ta kawo, ta dire, ta ce ubangida ya ci a hankali kada nasa haƙoran su bi na aro.

Yanzu duk Juma'a ina Kurfi. Kuma duk tsohuwar da na gani bisa tabarma, durƙusawa nake tukuna, in tambayi sunanta daga baya. Gwiwa tana warkewa da man zafi. Abin da Ladi ta riƙe a kanka kuwa, sai kabari.